Sabon keke na kwali ko ɗan gwanjo? Abin da na gano bayan an ɗauke nawa

Ranar wata Laraba na jingine kekena a bakin wani shagon caji, na shiga karɓar waya. Ban yi minti biyar ba. Da na fito, sawun tayarsa kawai na tarar a yashi. Shekara bakwai muna tare, keken hawan dutse ne na ƙarfe, baƙi mai ratsin kore, giya 21, ko da yake biyar ko shida daga ciki kaɗai na san amfaninsu. Shi ke kai ni wurin aiki, shi ke kai ni gona ranar Asabar, hanyar da rabinta kwalta ce, rabinta burji da yashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya fi ƙarfin albashi irin nawa, don haka zama ba keke bai taso ba. Kuɗin da na iya haɗawa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Mako uku na yi ina zarya wurin 'yan keke, ina dawowa in zauna a bencin dattijon da ke gyaran keke a bakin layinmu, in zayyana masa abin da na gani. A ƙarshe dai na lura, mai ƙaramin ƙarfi da ke son keke mai giya da faffaɗar taya kaya iri uku ne a gabansa: sabo fil da ake ciro shi daga kwali, ɗan gwanjo na alminiyam mai shok a gaba kaɗai, sai tsohon na ƙarfe wanda ba shi da shok ko ɗaya. Farashinsu kan yi kusa da juna, shi ya sa zaɓin yake da wuya.

Na kwalin shi ke fara ɗaukar ido. Fenti yana walƙiya, shok a gaba, wani shok ɗin a tsakiya da ƙaton sifirin ja, birkin faifai gaba da baya, ga rubuce-rubuce an manna ko'ina. Yaro ya gan shi sai ya hana ubansa barci. Ƙanina ya sayi irinsa bara, ina ji ina gani, har na taya shi murna. Kafin damina ta fita sandar wilin baya ta lanƙwashe, shok ɗin tsakiya ya kama kuka kamar ƙofar langa-langa, giya kuma sai ka canja ta sau biyu kafin ta shiga sau ɗaya. Da na ce wa dattijon ina tunanin ko in sayi irinsa, ko ɗagowa bai yi daga tayar da yake wa faci ba.

"Malam, ai kai ka kawo min na ƙaninka sau nawa? Wannan na zagaye tsakar gida ne. Ka tafi gona da shi, shi zai kai ka, kai za ka dawo da shi."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da zai sayar da keke a wannan farashi kuɗin da zai kashe a kansa ƙayyadajje ne. In ya zuba su a kan shok biyu da birkin faifai, abubuwan da ido ke gani, dole ya rage a inda ido ba ya kaiwa: boris, sandar wili, bakin wili, wayoyin birki. Shok na gaske yana da mai a ciki da ke hana shi yin tsalle bayan ya lotsa, kuma shi kaɗai yakan fi wannan keken gaba ɗaya tsada. Na mai arahar sifirin ne zalla. Kana taka feda yana lilo da kai, wani kaso na ƙarfinka yana tafiya a banza. Ga nauyi, irin waɗannan sukan kai kilo 18 ko su wuce. Wani abin da ba a cika tunawa ba sai an je gida: tunda bayan keken yana motsi sama da ƙasa, babu inda za a ɗaura masa kariyar ɗaukar kaya ta ƙwarai. Ni da nake ɗoro rabin buhun masara ko jarkar ruwa, wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafi.

Ba na ce duk sabon keke mai araha shirme ba ne. In ka sami sabo marar shok a tsakiya, mai birkin roba, kuma amfaninka bai wuce daga gida zuwa makaranta a kan kwalta ba, zai yi maka aiki, kuma kana da kwanciyar hankalin cewa babu wanda ya wahalar da shi kafin kai. Sai dai ka kai shi wurin mai gyara tun ranar farko a buɗe boris a cika giris, a ɗaure wayoyin wili, don yawanci a bushe suke zuwa, kuma yaron shago ne ya haɗa su cikin sauri.

Gardamar da ta fi cin raina tsakanin 'yan gwanjon biyu take.

Na alminiyam ɗin su ne irin Trek, Giant, Merida, Specialized da Rockrider da ke shigowa a kwantena daga Turai da Amurka, waɗansu ta Kwatano. Giant da Merida na Taiwan ne, Trek da Specialized na Amurka, Rockrider kuma na kamfanin Decathlon ne na Faransa.  Yawanci nauyinsu kilo 14 zuwa 15, ba sa tsatsa, kuma da zarar ka hau za ka ji bambanci: ka taka, ya tafi. Aibinsu guda ne, amma babba. In jikin alminiyam ya tsage, mai waldan bakin hanya ba zai iya masa komai ba, ko an like shi ma ba abin yarda ba ne, don zafin walda yana raunana wurin. Sannan akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ake rataye giyar baya a jikinsa, wanda da gangan aka yi shi mai laushi don in keke ya faɗi shi ya karye a madadin jikin. Dabara ce mai kyau a ƙasar da za ka shiga shago ka sayi wani. Matsalar ita ce kusan kowane samfurin keke da irin nasa, siffofinsu ba sa ƙirguwa. Na ga keke mai kyan gaske a rataye a rumfar dattijon, ƙura ta rufe shi, wata da watanni ana neman wannan ɗan abin da bai kai ɗan yatsa tsawo ba.

Tsofaffin na ƙarfen kuwa, irin Specialized Rockhopper da Hardrock da Trek 820 na shekarun 1990, ba su da kyan gani ko kaɗan. Fenti ya koɗe, sirdi ya yage. To amma da tsohuwar zuma ake magani. A duba jikin bututun da sirdi ke shiga, in an ga 'yar takarda an rubuta Cr-Mo ko 4130, wannan ƙarfe ne mai gauraye da ake iya yin bututunsa siriri kuma ya yi ƙarfi, shi ya sa keken yakan tsaya a kilo 12 zuwa 13, ya fi wasu na alminiyam masu shok rashin nauyi. Ƙarfe in ya lanƙwashe ana miƙe shi, in ya tsage ana yi masa walda. Maratayin giyarsa a jikinsa yake, in ya karkace a sa sifana a daidaita. Kusan dukkansu suna da 'yan ramukan ɗaura kariya da murfin taya mai tare laka. Abin tsoro a wurinsu tsatsa ce ta ciki, musamman waɗanda suka sha dusar ƙanƙara da gishirin da ake zubawa a titunan can. Ka ɗaga keken ka girgiza, in ka ji kamar yashi yana zuba a cikin bututu, ajiye shi. In kana shakkar ƙarfe ne ko alminiyam, ɗan maganaɗisu zai raba gardama: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

Maganar shok na gaba fa? A kan hanyar Jos mai duwatsu, ko wajen Dutse, ko gangaren da ruwa ya zaizaye, yana rage wa wuyan hannu azaba, wannan gaskiya ne. Kekuna masu araha na manyan kamfanoni galibi shok ɗin SR Suntour suke ɗauke da shi, irin XCT da XCM, masu sifirin a ciki, kuma suna aikinsu in ana kula da su. Sai dai ƙurar hunturunmu ba ta da imani. In ta shige ta haɗu da giris, ta zama kamar takardar goge katako, wata rana ka wayi gari ya sandare. Shok ɗin da ya sandare kuwa kaya ne kawai kake ɗauke da shi, kusan kilo biyu da rabi, alhali fok (ƙarfen da ke riƙe wilin gaba) na ƙarfe marar shok bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. A hanya irin tawa, kwalta da burji da yashi, taya mai faɗi da ba a cika mata iska tam ba tana shanye yawancin gargadar.

Taya ita ce inda mutane suka fi yin kuskure, ni ma saura kaɗan in yi. Akwai wani mai wili inci 29 da ya shiga raina, dogo, in ya hau rami kamar bai san da shi ba. Girman wilin keken dutse uku ne: 26, da 27.5, da 29. Inci 26 shi ne aka yi shekaru ana yayi, sai daga baya manyan kamfanoni suka koma 27.5 da 29. Babban wili ya fi iya tsallake rami, ya fi riƙe gudu, ya fi dacewa da dogon mutum. Amma tambayar da dattijon ya yi min ita ta dawo da ni hayyacina.

"In ta fashe maka a ƙauye, Malam, wa zai ba ka tayarta?"

Taya da tiyub na 26 duk inda ake sayar da kayan keke za ka same su, kuma su suka fi araha. Sauran biyun sai manyan kasuwanni, su ma ba kullum ba. Mu kuma ƙasar tsidau ce da ƙaya, faci ba ya ƙare mana. Kada kuma lambar inci ta ruɗe ka, ka duba ɗayar lambar da ke gefen tayar: 559 na nufin 26, 584 na nufin 27.5, 622 na nufin 29. Abin dariya, baƙin keken iyayenmu da ake ce wa inci 28 lambarsa 635 ce, wato da'irar wilinsa ta fi ta 29 ɗin girma, kuma tayar wannan ba ta hawa wancan. Ka leƙa bakin bawul ma. Mai kauri irin na mota da babur shi ne kowane mai faci zai iya ba wa iska. Siririn nan mai 'yar ƙusa a kai sai da famfonsa ko ɗan mahaɗi, in ba ka da su sai ka tura keke a rana.

Tunda na ambaci baƙin keke, bari in ba shi haƙƙinsa. Phoenix na Sin, da Hero da Avon na Indiya, da Raleigh da ya yi suna tun zamanin Turawa, in dai ɗaukar kaya ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babu keken dutsen da zai ja da su. Mai kai itace ko madara kasuwa kada ya bari kowa ya ruɗe shi. Inda suke gazawa shi ne hawa, da yashi mai zurfi, da birki in an yi ruwa.

Giya kuma, yawanta ba shi ne darajarta ba. Giya 21 faifai uku ne a gaba, bakwai a baya, kuma da yawa daga cikinsu maimaita juna suke. Abin dubawa shi ne sunan da ke jikin na'urar canja giya ta baya. Kayan Shimano hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore zuwa sama. Tsohon Alivio ko Deore da bai karkace ba ya fi sabon da ba shi da suna nesa ba kusa ba. Wata dabarar 'yan kasuwa ita ce a sa giyar baya mai suna, don nan ido ke fara sauka, sauran kayan kuma a bar su na banza, saboda haka a duba har maɓallan hannu da giyar gaba. Ni shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a faifai bakwai ko takwas a baya. Masu shida da bakwai da takwas kaca iri ɗaya suke amfani da ita, ga araha ga samuwa. Daga tara zuwa sama kacar tana ƙara sirancewa, kuɗinta na ƙara hawa, samunta na ƙara wuya.

Akwai wani bambanci a wilin baya da ya kamata mai nauyin jiki ko mai ɗaukar kaya ya sani, don shi ya ci keken ƙanina. Masu araha firiwil gare su, wanda ake murɗa shi a jikin wili kamar murfin kwalba. A irin wannan, boris ɗin dama yana can ciki, sai doguwar sanda ta fito babu abin da ya tallafe ta, nauyi ya yi yawa ta lanƙwashe ko ta karye. Ɗaya nau'in, da ake kira kaset, ana zura faifan ne a kan wani gindi da ke haɗe da wilin, boris ɗinsa ya fi matsowa baki, sandar ta fi jure wahala. Kaset ya fi ƙarko, firiwil ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. In kekuna biyu sun yi kunnen doki a komai, ɗauki mai kaset.

A birki ba zan ja dogon zance ba. Birkin roba mai dogayen hannuwa da ke matse bakin wili, wanda Shimano ya fito da shi a 1996, yana kamawa sosai, robarsa ko'ina akwai, kowa ya iya gyaransa. Rauninsa laka da ruwa, da wilin da ya karkace. Birkin faifai mai waya ya fi shi a damina in mai kyau ne, marar kyau kuwa gugar faifai da ƙara kawai zai yi ta yi maka. Mai aiki da mai ya fi su duka daɗi a hannu, yatsa ɗaya ya isa, amma ranar da ya yi yoyo ka shiga uku in babu wanda ya san shi a kusa. Kuma a kiyaye, na Shimano da man kansa yake aiki, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki za su kumbura ya lalace. Ko wane iri ne, kada baƙin mai ya taɓa faifan.

Duk wannan lissafi banza ne in keken bai yi daidai da tsawonka ba. Ka tsaya a kansa ƙafafu biyu a ƙasa, a sami tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da bututun sama. Ka hau, in feda ta sauka ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba. Kada ka yarda da "za a ɗaga maka sirdi" sai an kwance an ɗaga a gabanka, don a tsofaffin kekuna sandar sirdi takan manne da jiki ta ƙi motsi ko da guduma.

Ranar da na je saye, dattijon ya rufe rumfarsa ya bi ni, ban ma roƙe shi ba. Yadda yake duba keke abin kallo ne. Ba ya kallon fenti. Sai ya durƙusa ya bi duk mahaɗar walda da babban yatsa, musamman ƙarƙashin wuya da wajen feda. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya yana sauraron ko wuya zai yi ƙwas-ƙwas. Ya kama feda ya girgiza ta gefe da gefe. Ya ɗaga kowane wili ya juya, ido a kan tazarar da ke tsakanin roba da bakin wili. Ya ja kaca daga jikin babban faifan gaba, in ta ɗago har ana hango haske a ƙarƙashinta ya ce ta gama yawo. Haƙoran faifai in sun yi tsini sun karkata gefe guda, su ma sun tafi. Wani mai sheƙi da aka manna wa sunan babban kamfani, da farce ya ɓanɓare gefen takardar, sai ga wani suna daban a ƙasa. Mai kayan ya yi dariyar yaƙe ya ce haka ya zo.

Keke na bakwai da ya taɓa shi ne ya daɗe a kansa. Shuɗi ne da ya koɗe har sunan kamfanin ba ya karantuwa, sai 'yar takardar Cr-Mo da ta rage. Wili 26, babu shok, kaset mai faifai bakwai, tayoyin duk sun tsattsage don tsufa. A gefensa ga wani na alminiyam mai shok da birkin faifai, wili 27.5, wanda da a ce a Jos nake zaune, ko hawan dutse nake yi don nishaɗi, ko ina da wanda zai riƙa aiko min da kayan gyara, shi zan ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Kuɗinsa zai cinye duk abin da ke aljihuna. Shuɗin kuwa ya bar min kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ɗan gwanjo ko wane iri ne sai ka tanadi abin da za ka kashe masa bayan saye.

"Baba, anya? Dubi fa yadda ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, Malam, ga shi ni ka ɗauko. Biya mu tafi."

Kafin in miƙa kuɗi na sa aka kifa keken, na kwafe lambar da aka buga a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, na ce mai kayan ya rubuta ta a rasit. Wanda aka sace min ban taɓa sanin yana da lamba ba sai da aka tambaye ni ita. Canjin da ya rage ya tafi a kan tayoyi biyu masu ƙananan ƙuraje, waɗanda ba sa gurnani a kwalta kuma ba sa santsi a burji, da sabuwar kaca, da wayoyin birki da na giya, da robobi huɗu, da kariya. Dattijon ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa a cikin kowace taya saboda tsidau. Abin da ya yi saura na sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo, nauyinsu ya kusa cinye duk rangwamen kilon da na yi mako uku ina lissafawa. Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗoro rabin buhun masara daga gona, na sauka sau ɗaya a wurin yashin nan na bakin rafi, inda dama can ko da tsohon kekena sai na sauka.